Na sa Ubuntu gefen Windows, amma Windows kaɗai ke tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa nake, yau kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sakat.

Laftof ce HP, ta hannu, mai Windows 10. Na ware gigabait 80 a faifan ajiya, na ɗora Ubuntu 22.04 (tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) ta filashi, har ya kammala ba wata tangarɗa. To amma idan na kunna, allon GRUB, wanda ake zaɓar Ubuntu ko Windows a kansa, ba ya fitowa, kai tsaye take faɗawa Windows. Sai na yi ta danna F9 tana kunnuwa kafin in ga Ubuntu. Na kashe Secure Boot (tsaron da ke tantance abin da zai tashi), na shiga BIOS (saitin kunna laftof) da F10 na ɗaga Ubuntu sama a jerin abin da zai fara tashi, na adana. Ina sake kunnawa ya koma ƙasa.

Wani mai gyara a kasuwa ya ce in goge komai in sake. Ba zan iya ba, lissafin shagon ɗinkin yayata duk yana ciki.

Ga agogo kuma: duk sanda na baro Ubuntu na shiga Windows, sai ya koma baya da awa ɗaya. Jiya saura kaɗan la'asar ta wuce ni.

Don Allah, akwai yadda zan sa GRUB ya riƙa fara tashi ba tare da na goge komai ba? Allah ya saka da alheri.