Kuɗin Yankari: maƙwabtan dajin na da haƙƙi a ciki?

Malam Isa: Jama'a, ra'ayina shi ne a ware wa ƙauyukan da ke kewaye da gandun namun daji na Yankari kaso tabbatacce daga kuɗin da baƙi ke biya. Tun 1956 aka killace dajin nan, aka hana iyayenmu farauta da kiwo a cikinsa. Baƙo zai shigo ta ƙofar dajin da ke ƙauyen Mainamaji, ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ya ɗauki hoto ya tafi. Mu kuwa giwa ce ke kwana a gonakinmu, kuma a dare ɗaya take gamawa da noman shekara.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Tun 2006 dajin ya dawo hannun jihar Bauchi, dukiyar kowa ce, ba ta mutanen ƙaramar hukumar Alkaleri, inda dajin yake, kaɗai ba. In aka yanka kason nan, da me za a riƙe masu gadin daji? Kuma wa zai karɓa? Zai tsaya a hannun manya, wanda aka tattake wa dawa ba zai ga sisi ba.

Malam Isa: Hajiya, masu gadi nawa za su tsare daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000? Mafarauci ta ƙauye yake bi. In ɗan ƙauye na cin moriyar giwa, shi zai fara kai rahoto.

Abdu Maradi: Baba Isa na da gaskiya. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996. Aka sa 'yan yankin su zama masu yi wa baƙi jagora, aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rance. Daga baya sun haura 600.

Hajiya Rabi: Abdu, ƙarasa labarin mana. Bayan harin watan Agustan 2020 da ya kashe mutum 8 a can, baƙi sun ɗauke ƙafa. Jagororin da suka dogara da su fa?

Ardo Buba: Kuna ta maganar kuɗi, ba wanda ya ambaci makiyayi. Da rani ruwa da ciyawa na bakin kogin Gaji, cikin dajin. An cinye burtali da noma. A ba mu mashaya da wurin kiwo a waje, kuma a zauna da mu kafin a yanke hukunci.

Malam Isa: Ardo, kujerarka tana nan a kwamitin kula da kason da nake nema a kafa. Hajiya kuma, a liƙa lissafin kuɗin a kasuwa kowa ya gani.

Hajiya Rabi: A fara biyan diyyar gonaki kai tsaye ga masu su. In na ga haka, sai mu yi maganar kaso.