Darasin sana'a a sakandare: me ya bari a hannun yaranmu?

Malama daga Tarauni: Assalamu alaikum. Tun a 2011 hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta ƙasa ta shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, WAEC kuma ta fara jarrabawarsu a 2014. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa: darasin ya cusa wa yara sha'awar kasuwanci, ko kuwa a takardar jarrabawa ya tsaya?

Mai shago a Zariya: Wa alaikumus salam, Malama. Makarantar ɗana darasin tallata haja ta zaɓa wa kowa, domin shi ne ba ya bukatar komai sai allo da alli. Yaron ya ci jarrabawar da kyau, amma ranar da na bar masa shago, sai ya lissafa riba bai cire kuɗin dako ba.

Maman 'yan biyu: Alhaji, namu labarin ya sha bamban, kuma malamar ce sanadi. Rini ta koya musu, ta kai su marinar Ƙofar Mata suka ga yadda ake tsoma yadi a ramin baba, sannan ta sa suka yi karo-karo suka sayi farin yadi, suka ɗaure, suka rina, suka baje ranar taron iyaye. 'Yata ta sayar da zane biyu tana murna, sai da aka zauna lissafi ta gane ta manta da kuɗin sinadarin rini, ko uwar kuɗinta ba ta mayar ba. Ta yi kuka ranar, ni kuwa ban cike mata giɓin ba, ko da yake zuciyata ta so. Tun daga nan take da ɗan littafin da take rubuta shiga da fita, yanzu har ƙawayena take yi wa rinin ɗankwali a lokacin hutu.

Mai gyaran waya: Mu gyaran waya muka ɗauka, amma matacciyar waya ɗaya ce ke zagaya ajin duka. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na koyi aikin, wajen maigidana. Alherin da darasin ya yi mini shi ne, da mahaifina ya ga sana'ar a takardar makaranta, sai ya daina kallonta a matsayin aikin waɗanda boko ya gagara.

Malama daga Tarauni: Na gode muku. A 2025 an rage darussan zuwa shida, har da haɗa wutar sola da ɗinki da kiwo. Mu ɗinki muka zaɓa, keke biyu muke da shi, ɗaya kuma yana jiran bel tun zangon da ya wuce. Hajiya, don Allah ki tambayo mini yadda malamar ta tsara karo-karon nan.