Sun riƙe mini kuɗin aiki, wai a ɗaki na zauna na ƙirƙiri manoma

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Bara na gama bautar ƙasa, tun lokacin ina gida ina taya Mma sayar da koko da ƙosai. Kawuna ne ya ji labarin wata ƙungiya mai tallafa wa manoman masara tana neman masu jin Hausa da yaren Twi da za su riƙa yi wa manoma tambayoyi suna cike fom a waya. Da farko Mma ta ce atafau ba inda za ni, sai da kawu ya zo gida da kansa bayan sallar isha'i ya lallashe ta, har ya ɗauki alkawarin in wani abu ya faru a wuyansa. Wayata ba ta ɗaukar manhajar da ake aikin da ita, sai na ari ta yayana mai gyaran mota a Suame Magazine, shi ma da ƙyar ya bayar. Kuɗin mota da na abinci a adashin Mma na ranta.

An yi mana horo a nan Kumasi ta ƙasar Gana, aka sa mana KoboCollect, manhajar cike fom a waya, aka ɗora fom mai tambayoyi kan mutanen gida, girman gona, iri, taki, buhu nawa aka samu, ɓarnar tsutsar masara da inda ake sayarwa. Aka ce biya sai an gama, kuma gwargwadon fom ɗin da aka karɓa. Aka tura ni ƙauyukan bayan Ejura. Allah ne shaidata na yi aikin, cikin laka, a bayan babur. Yanzu shugabar tawagarmu ta turo saƙo wai ofis ya yi watsi da fiye da rabin fom ɗina, don GPS ɗinsu duk wuri ɗaya ya nuna, kuma an cike su da sauri fiye da kima. Ko in koma in sake da kuɗina, ko in haƙura. In koma ne, ko in kai ƙara? Kuma ina ake kai irin wannan ƙarar?

Hajiyar Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya bi miki haƙƙinki. Haka suke, ɗana ma wasu sun sa shi yawon ƙirga shaguna, takalminsa har ya tsinke, yau shekara ta zagayo ana ce masa ana kan lissafi. Ki sa kawun naki gaba, shi ya kawo aikin, shi zai je ya karɓo miki kuɗinki.

Tsohon Mai Duba Aiki:
Ƙanwata, kafin a tsine wa kowa, amsa mini abu ɗaya. Lokacin da kike danna maɓallin GPS, a ina kike tsaye? A ƙofar gidan manomin, a gonarsa, ko a masaukinki? Na daɗe ina duba irin wannan aiki, daga Tamale har Afram Plains, kuma waya ba ta tara wurare da yawa ta mai da su ɗaya haka kawai.

'Yar Aboabo:
Yaya, ai ba za ka gane ba sai ka je. Ƙauyen ba wuta. Kafin azahar batir ya mutu, don a rana sai ka ƙure hasken fuskar wayar kafin ka ga rubutu. Maza kuma da an sallame asuba sun tafi gona, sai yamma liƙis. Matan in na ɗaga waya sai su yi gum, wata ta ce muryarta nake ɗauka, wani dattijo ya ce haraji za a ɗora musu. Da na fito da littafi da biro sai hira ta ɓarke, har abin da ban tambaya ba suke faɗa. To sai na riƙa rubutawa a takarda, da dare in je shagon da ke da sola inda ake cajin waya, in zauna in shigar. Fom ɗin ba ya rufuwa sai da GPS, sai in danna a nan. Amsoshin duk na gaskiya ne, mutum ɗaya ban ƙirƙira ba.

Tsohon Mai Duba Aiki:
To ga matsalar nan, kuma da ita ya kamata ki fara. Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ki zauna a kujerar wanda ke ofis. Shi bai ga laka ba, bai ga babur ba, teburin bayanai kawai yake gani a kwamfuta. Fom irin na KoboCollect da 'yar'uwarta manhajar ODK, in wanda ya tsara ya kunna, yana ajiye lokacin da aka buɗe shi, lokacin da aka rufe, da lambar shaidar wayar da ta cike. Wasu har suna kunna abin da ke rubuta daƙiƙa nawa aka yi a kan kowace tambaya. Sai ya ga hirar da ke cin kusan awa an gama ta cikin 'yan mintuna, da dare, a jere, a ƙofar shago ɗaya. Wanda ya zauna ƙarƙashin mangwaro ya ƙaga amsoshi daga kansa, haka nasa teburin yake fitowa, babu bambanci ko kaɗan. Saboda irinsa aka sa GPS ɗin tun farko.

Kuma ki sani, ke da duk mai sauraro, GPS ba ya bukatar sabis ko data. Da tauraron ɗan'adam yake magana. Ki tsaya a fili, ba ƙarƙashin kwano ko inuwar bishiya ba, ki jira lambar daidaito, wadda ke nuna mita nawa GPS ɗin zai iya kuskurewa, ta sauko zuwa mita 5. Da kin sa wayar a yanayin jirgi, kin buɗe fom a ƙofar gidan, kin ɗauki wurin, kin ajiye shi ba ki rufe ba, sannan ki kashe fuska ki yi hirarki a takarda, da batir ya kai ki yamma, da kuma kowane gida ya fito a inda yake.

'Yar Aboabo:
Wannan duk ba wanda ya faɗa mana a horo. A ɗakin otal mai sanyi aka yi shi, kowa da soket kusa da ƙafarsa. Na roƙi pawa banki tun kafin mu tashi aka ce babu a kasafi. Na kira shugabar tawaga daga can ban same ta ba. Me ake so in yi, in zauna in naɗe hannu?

Ɗan Alabar Mai Waya:
'Yar'uwa, abin ba shi da wuya. Kawo wayar shagona. Akwai manhajar da ke sa waya ta nuna kana duk inda kake so. Mu buɗe taswira, mu ɗora kowane gida a wurinsa, ki sake shigarwa a hankali ki tura. Tunda amsoshin na gaskiya ne, wa aka cuta?

Tsohon Mai Duba Aiki:
Malam, kada ka jefa yarinyar mutane a rami. Sababbin ODK da Kobo suna gane wurin da wata manhaja ta ƙaga, daidaiton sai ya fito sifili, kuma duk mai duba aiki ya san ma'anar sifilin nan. Yanzu zarginta ake yi. In ta bi shawararka ta ba su hujja da hannunta, kuma masu wannan aiki a Kumasi da Tamale duk sun san juna. Ƙanwata, kada ki goge manhajar, kada ki bar kowa ya wanke wayar. Duk fom ɗin da ba a tura ba a cikinta kaɗai yake, in ya tafi ya tafi.

Alhaji Dillalin Masara:
Ni dariya ma abin yake ba ni. Ko a gonar ta tsaya, wace gaskiya za ta samu? Shekaruna nawa ina sayen masara a kasuwar Ejura ranar Litinin. Manomi in ya ga baƙo da waya, lissafi yake: in taki za a raba, gonarsa ta zama eka goma, in bashi za a karɓa, tsutsa ta cinye komai. Sannan buhu nawa ka samu, wane buhun? A takarda buhu kilo 100 ne, wanda muke ɗurawa a kasuwa kuwa ya wuce haka nesa, har da hula a bakinsa. Matarsa kuma da olonka, wato gwangwanin awo, take aunawa. Ku tara wannan ku kai Akra ku ce kun san yawan masarar Gana.

Tsohon Mai Duba Aiki:
Alhaji, shi ya sa fom mai kyau yake tambayar wane irin buhu, wani har hotonsa yake sa a ɗauka. In ba a sa ba, laifin mai tsarawa ne.

Mai Auna Gonakin Koko:
Maganar eka ta taɓo ni. Ni gonakin koko nake zagayawa wajen Offinso, saboda dokar Tarayyar Turai ta hana sayen kokon da aka sare daji aka shuka bayan ƙarshen 2020, don haka kowace gona sai an san inda take. Ƙafa da ƙafa nake bin iyaka, wayar tana zana layi. Mutum ya ce eka biyar, waya ta ce uku da ɗan abu, sai ya murtuke kamar ni na yanke masa. Wani kuma murna yake, don haya yake biya a kan biyar. Masu abusa da abunu, wato masu noma gonar wani a raba amfani gida uku ko biyu da mai ƙasa, su ne suka fi ɗari-ɗari, suna tsoron in sunansu ya hau kan gonar mai ƙasa ya ji labari ya kore su. Kinsan manoman wajen Ejura da yawa baƙi ne daga arewa, Konkomba da Dagomba da sauransu, a ƙasar haya suke noma. Kila abin da ya sa suka yi miki shiru ke nan. Ni ma nawa kuɗin na watan jiya bai fito ba, maciji kuma sau biyu yana tsallake ni.

Malama ta Tafo:
Kowa na ta magana ba wanda ya tambayi takarda. 'Yar'uwa, me kika sa wa hannu? An rubuta cewa ba a yarda da cikewa daga takarda ba? Akwai Dokar Ƙwadago ta 2003, akwai ofishin ƙwadago a Kumasi, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Amma abin da za su fara nema shi ne shaidar cewa an ɗauke ki aiki da abin da aka yi alkawari.

'Yar Aboabo:
Takardar halartar horo kawai muka sa wa hannu. Maganar kuɗi a WhatsApp aka turo, tana nan ban goge ba. Littafina ma yana nan, shafi-shafi, da sunan kowa da ƙauyensa, wasu da lambar waya da ta Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Bari in ɗauki hoto in sa a nan ku gani da idonku.

Malama ta Tafo:
A'a, kada ki sa. Sunayen mutane ne da lambobinsu, ba su ba ki don a baza ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana nan, kuma ƙungiyar za ta iya juya maganar ta koma kanki. Ofis kaɗai za ki nuna wa.

Tsohon Mai Duba Aiki:
Malama ta yi gaskiya a nan, amma maganar ƙara ku ajiye ta. Kuɗin zirga-zirga zai cinye abin da ake bi. Littafin nan shi ne makaminki. Ki rubuta wa wanda ke sama da shugabar tawaga, a rubuce, ba saƙon murya ba. Ki faɗi yadda kika yi ba kwana-kwana. Ki ce su zaɓi gidaje da kansu daga cikin waɗanda suka ƙi, su kira ko su tura wani ya sake tambayoyi kaɗan da ba sa canjawa, kamar yawan mutanen gida da abin da aka shuka, su gwada da naki. Duk aikin kirki yana da wannan binciken a tsarinsa. In ya dace, abin da ya rage ɗaukar wuri ne kawai, ba sake hira ba, kuma mai izini a ofis yana iya gyara fom ɗin da aka riga aka tura. Ko da rabin kuɗin babur suka ce ki biya, ki karɓa ki wuce wurin.

Hajiyar Asawase:
Ta koma ina? Budurwa ita kaɗai a dajin mutane, ga ruwa ya dawo, hanya ta lalace. Ni da 'yata ce ko taku ɗaya. Kuɗi ba su kai rai ba.

'Yar Aboabo:
Hajiya, a ɗakin matar limamin ƙauyen nake kwana, ba abin da ya same ni. Yaya, na ji, amma ni ban ga dalilin da zan biya ko kwabo ba. Su suka tura mutum inda ba wuta ba tare da abin caji ba. Kuma in na rubuta cewa a takarda na yi, ba na ba su abin da za su kafa hujja da shi ba? Fom ɗin ma da Turanci yake, ni nake juya shi zuwa Hausa a kaina a gaban kowane manomi, wannan wa ya biya ni?

Tsohon Mai Duba Aiki:
Hujjar tana hannunsu tun ranar da kika tura. Shirunki ne yake sa ta zama ƙirƙira. Fassara kuwa, manhajar tana ɗaukar harsuna da yawa a fom ɗaya, su ne ba su sa ba, ki haɗa da wannan a wasiƙar.

Malama ta Tafo:
Ni dai ban yarda ta rubuta komai ba sai wanda ya san doka ya karanta. Abin da ka sa a takarda ba ya dawowa.

Alhaji Dillalin Masara:
In za ki koma ki bari sai Lahadi, motata na tafiya ɗaukar kaya, a sauke ki Ejura kyauta. Ki tambayo mini nawa suke sakin buhu a ƙauyen.

'Yar Aboabo:
Na gode Alhaji, ban yanke komawa ba tukuna. Na sake kiran shugabar tawagar yanzu, ta ce tana taro. Kawu kuma ya ce in bari sai bayan Juma'a.

Sabon Shiga:
Salam. Don Allah 'yar'uwa har yanzu suna ɗaukar mutane? Ina da waya mai batir babba.