Wace manhaja kuka ɗora wa sabarku kafin ku saka WordPress ko Drupal?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina kula da wani ɗan shafin labarai na Hausa a kan WordPress. Masu karatu sun ƙaru, hostin ɗin haɗaka da muke kai ya fara ja da ƙafa, da an saki labari mai zafi sai shafin ya ƙi buɗewa. Jiya na sayi VPS, wato sabar haya tawa ni kaɗai, mai RAM giga 2. Ina shiga aka jero mini Ubuntu 24.04, Debian 12, AlmaLinux 9, Rocky Linux 9 da Windows Server, aka ce in zaɓi ɗaya a matsayin babbar manhajar da sabar za ta yi aiki da ita. A nan na tsaya. Na karanta rubuce-rubuce da yawa, kowa na yabon nasa. Abin da nake so shi ne wanda ya taɓa riƙe sabar da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Injiniya na Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kalli suna, ka fara duba ranar da za a daina kula da sigar da za ka ɗora. Ni a nan na sha wuya.

A 2020 na ɗora wa wata makaranta CentOS 8, a lokacin an ce za a riƙa sabunta ta har 2029. A watan Disamba na wannan shekarar aka sanar cewa ƙarshen 2021 za a tsaya. Na ga sanarwar, na ce akwai lokaci, na shiga wasu ayyukan. Farkon 2022 na je in sabunta PHP, yaren da shafin ke aiki da shi, dnf, shirin da ke sauko da manhajoji, ya ce bai ga rumbun manhajojin ba, ashe an kwashe su an kai ma'ajiyar tsofaffi. Ga shafin makaranta ana tsakiyar rajistar ɗalibai. Abin da ya cece ni shi ne ɗan shirin ƙaura da mutanen AlmaLinux suka fitar, mai juya CentOS 8 ta koma AlmaLinux 8 ba tare da an goge komai ba. Na ɗauki kwafin sabar gaba ɗaya, na kunna shi bayan isha'i, kafin sha biyun dare shafi ya dawo.

Tun daga nan AlmaLinux nake bi, ta 9 za a kula da ita har 2032. Amma ba zan ɓoye maka ba, dangin Red Hat, irin su AlmaLinux da Rocky, suna zuwa da wani tsarin tsaro mai suna SELinux a kunne. Ranar farko WordPress zai ce ba zai iya ɗora hoto ba, ka duba izinin fayil ka ga komai daidai, kai ya ɗaure. Da yawa sai su kashe SELinux ɗin su huta. Kada ka yi haka. Babban fayil ɗin wp-content/uploads kawai za ka ba lakabin httpd_sys_rw_content_t, sannan ka kunna httpd_can_network_connect idan shafin zai riƙa magana da waje. Aikin minti biyar ne ga wanda ya sani, ga wanda bai sani ba kuwa wuni guda ne.

'Yar Maraɗi:
Ni Debian 12 nake kai, shafuka huɗu na ƙungiyoyin mata, biyu Joomla biyu WordPress, duk a sabar ɗaya mai RAM giga 1 saboda kuɗin da suke iya biya ke nan. Dalilina a kan Debian shi ne ba ta zuwa da tarkace, bayan an ɗora ta kusan babu abin da ke cin RAM. Na saka HestiaCP don in riƙa buɗe imel da ƙara shafi ba sai na shiga baƙin allo kullum ba, kyauta ce kuma tana aiki a Debian da Ubuntu.

Matsalar da na fuskanta ba daga Debian ta fito ba. Kusan kowane mako sai in tashi in ga shafukan suna cewa sun kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Da na karanta littafin rahoton sabar na ga idan RAM ta cika, Linux da kansa yake kashe shirin da ya fi ci, kuma MariaDB, manhajar rumbun bayanan, ce take fara tafiya. Na ƙara swap giga 2, wato wurin da ake warewa a faifai don ya tallafa idan RAM ta cika, na rage yawan ma'aikatan PHP-FPM, masu gudanar da PHP, zuwa biyar. Wata takwas ke nan ban sake ganin saƙon ba. Ɗan Fagge, ko da giga 2 ɗinka ka saka swap tun ranar farko.

Mai Shagon Kwamfuta:
Windows Server na fara ɗauka don ita na saba, na ga akwai linzami da tagogi. WordPress ya tashi a kan IIS, manhajar Windows mai fitar da shafuka, amma IIS bai san fayil ɗin dokoki na .htaccess ba, web.config yake karantawa. Duk fulogin ɗin tsaro ko na ƙara gudu da ke rubuta dokokinsa a .htaccess ya zama ado. Ga kuɗin lasisi a kan kuɗin sabar, da dala. Wata biyu na koma Ubuntu. Idan shafinka da .NET na Microsoft aka gina shi, wannan magana daban ce.

Ɗalibin Jos:
Injiniya ya yi maganar ranar ƙarewa, ni zan ƙara da sigar PHP, don kowace manhaja da wadda take zuwa da ita. Ubuntu 22.04 tana da PHP 8.1, ta 24.04 tana da 8.3, Debian 12 tana da 8.2. Aikin kammala karatuna a Drupal na yi shi, sabar tana kan 22.04. Drupal 10 ya zauna lafiya, da na zo hawa 11 ya ce shi sai 8.3 ko sama. Dole na ƙara rumbun PHP na Ondřej Surý, wanda kusan duk masu Ubuntu suka sani. Ya yi aiki, sai dai yanzu akwai ƙarin wuri ɗaya da nake sa wa ido. Da na fara buɗe shafin buƙatun Drupal kafin in zaɓi manhaja, da ban bi ta wannan hanyar ba.

Wani abu kuma, idan Ubuntu ce, ka tabbata mai LTS ce, wadda ake fitarwa a Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kula da ita shekara biyar. Waɗanda ke fitowa a tsakani wata tara kawai suke yi. Abokina ya ɗora 23.10 don ya ga lambarta ta fi girma a lokacin, shekara ba ta zagayo ba ya sake aiki daga farko.

Injiniya na Zazzau:
Gaskiyar Ɗalibi. Na manta ban tambaya ba, Ɗan Fagge, cPanel kake so, allon kula da sabar da ake biyan kuɗinsa? Idan shi ne, cire Debian daga lissafi, ba ya hawa kanta. Kuma tun 2019 kuɗinsa ya koma bisa yawan asusun da ke sabar. Don shafi ɗaya ban ga abin da zai sa ka ɗauki wannan nauyin ba.

Baban Hafsat:
Tunda shafin Hausa ne, bari in faɗi abin da ba wanda ya taɓo. Lokacin da na kwashe shafin masallacinmu daga tsohon hostin zuwa sabuwar sabar, na buɗe na ga duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É—. Huɗubobin shekara shida, babu wadda ke karantuwa. Hankalina ya tashi ƙwarai, na ɗauka manhajar da na zaɓa ce ba ta san Hausa ba, har na goge Ubuntu na ɗora Debian, abin bai canza ba. Ashe a wurin fitar da rumbun bayanai aka karanta rubutun da tsarin haruffa na latin1 maimakon UTF-8. Allah Ya taimake ni ban rufe tsohon hostin ɗin ba. Na sake fitarwa, na faɗa wa mysqldump ya yi amfani da utf8mb4, haruffa suka dawo gidansu. Don haka kada ka saki tsohon wurinka sai ka buɗe tsofaffin labarai goma ka karanta da idonka.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na ɗora Ubuntu 24.04, saboda ni kaɗai nake kula da shafin, kuma duk kuskuren da na kwafa na nema ina samun wanda ya riga ni cin karo da shi a Ubuntu. Na saka swap kamar yadda Hajiya 'Yar Maraɗi ta ce, na kunna ufw da fail2ban don tsaro da unattended-upgrades mai sabunta sabar da kansa, certbot ma ya ba ni takardar tsaron shafi ta Let's Encrypt. Na rubuta Afrilu 2029, lokacin da za a daina kula da ita, a bangon littafina.

Baban Hafsat, na duba kwafin gwaji, ƙ da ɗ suna nan daram, sai dai hotunan 2022 ba su fito ba, ina jin babban fayil ɗin bai gama kwafuwa ba lokacin da aka ɗauke wuta. Tsohon hostin ɗin sai ƙarshen wata zai ƙare. Wa ya taɓa kwashe hotuna da rsync ya nuna mini yadda ake ci gaba daga inda ya katse?