Gefen madaurin agogo yana ɓarewa bayan wata biyu, ina nake kuskure?

Sabon Baduku:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin fata. Shekara guda ke nan ina ɗinka madaurin agogo da hannu, ɗinkina ya zauna, amma gefe ya hana ni sakat. Na yi wa wana guda ɗaya mai faɗin milimita 20, fata biyu na haɗa: ta sama ruwan ƙasa mai ɗan tauri, shafin ciki kuma fatar maraƙi mai laushi don kada ta dami hannu. Na shafa ruwa da kakin zuma, na goge da katako har ya ɗauki sheƙi. Ranar da na miƙa masa, gefen nan sumul yake kamar gilashi.

Jiya ya cire ya ba ni. Daidai rami na uku, inda ƙarfen ɗauri ke lanƙwasa shi kullum, fatun biyu sun buɗe baki, har farcena yana shiga. Na ciki ya yi gashi-gashi, ya yi baƙi da gumi, na sama kuwa yana nan da sheƙinsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin kwana uku na yi a kansa. Fenti zan koma ko gugar ce ban iya ba?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Gugarka ba ta da laifi, ai ga shaida nan a fatar sama. Ɗauki ragowar shafin cikin ka yanka da aska, ka dubi tsakiyarsa. In ka ga toka-toka mai ratsin shuɗi, jimar kurom ce, wato da sinadarin kurom aka jeme ta, ba da ɓawon itace ba. Fatar da aka jeme da ɓawon itace takan kwanta idan ta sami danshi da zafin guga, zarenta ya manne ya yi tauri. Ta kurom ba ta yin haka, ko ka kwana kana guga. Kakin ne kawai ya danne gashin na ɗan lokaci, gumi ya zo ya tashe shi.

Buɗewar baki kuma maganar gam ce. Yawancinku kuna tsoron ya ɓata fuskar fata, sai ku tsaya nesa da gefe. Ka yanki fatun da rara, ka kankare inda yake santsi, ka kai gam har ƙarshe a ɓangarorin biyu, ka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa ka danne sosai. Bayan nan ne za ka yanke siffar madaurin da yanka ɗaya, fatun biyu tare. Wanda ya yanka kowace daban ya zo yana daidaitawa, wahala ya saya wa kansa.

Maman Zare:

Baba ya faɗi gaskiya, ni dai zan ƙara maganar fenti, tunda haɗin da ka yi babu abin da zai riƙe shi sai fentin gefe. Ina aiki da Fenice, wani lokacin Giardini, dukansu na Italiya ne, kuma na ruwa ne. Amma kada ka kuskura ka sa shi a kan gefen da ya sha kaki ko man gugar gefe irin su Tokonole, ba zai kama ba, zai ɓare kamar ɓawon albasa. Fenti yana son gefe mai ɗan kaushi.

Ga yadda nake yi. Ina bin gefen da samfefa mai lamba 400 a naɗe a jikin katako don kada ya yi tudu da kwari, in ɗan kashe kaifin kusurwa. Shafar farko siririya ƙwarai, da tsinken basilla nake ja, burina ta shige cikin fata ne kawai. In ta bushe, layin haɗin fatun zai fito a tsakiya, kada ka damu. Ina bi da ƙarfe mai zafi, zafin da zai sa fentin ya kwanta ba tare da ya yi kumfa ba, sai samfefa 600, sai wata shafar. Haka har sau uku ko huɗu, sai layin ya ɓace ɗungum, ta ƙarshe in lallaɓa da 800 ko 1000.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne zuba fenti da kauri don gefen ya yi tudu mai kyau a hoto. A jaka yana iya wucewa. Madaurin agogo kuwa ana lanƙwasa shi safe da yamma a wuri ɗaya, ga zoben fatar da ke riƙe jela yana gogar gefen duk lokacin da aka ɗaura. Fenti mai kauri a nan yake fara tsagewa.

Tsohon Hannu:

'Yata, ban ƙi taki ba, amma ni har gobe na fi son fatar ɓawon itace sama da ƙasa, a goge da ƙyalle mai kauri. In ya dushe, mai shi zai iya farfaɗo da shi cikin minti biyar. Fenti in ya tsage sai an kankare an sake.

Maman Zare:

Haka ne Baba, sai dai ita ma tana shan gumi ta yi duhu, ta yi tauri a wuyan hannu. Shi ya sa masu madauri da yawa ke neman fatar Zermatt mai jure gumi ta majemar Haas a Faransa don shafin ciki.

Sabon Baduku:

Allah ya saka muku da alheri. Na yanka ragowar kamar yadda Baba ya ce, tsakiyar nan shuɗi-shuɗi ne ƙarara. Na haɗa guntaye biyu don gwaji, gam har baki, na yanke tare. Ɗaya na yi masa shafa huɗu sirara, ɗayan biyu masu kauri. Bayan sun kwana, na lanƙwasa kowanne a jikin fensir sau ɗari. Mai kaurin ya nuna 'yar tsaga tun kafin in kai sittin, siririn bai motsa ba.

Na wan nawa zan kwance in sake shi daga farko. Tambaya ɗaya ta rage, Hajiya: cikin ramukan ƙarfen ɗauri, kina sa fenti a nan ma, ko barinsu kike yi haka?