Zanen aro ba ya rufe katara: ya hau kan saurayin da ke neman salon shigarsa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Na kawo wannan karin magana ne saboda gardamar da ta tashi a gidanmu da ƙaramar salla. Ɗan yayana, mai shekara 17, ya karɓi yadi biyar na shadda da mahaifinsa ya sayo masa a Kantin Kwari, ya kai wa tela da kansa a karo na farko, ya sa aka yi masa kaftani ɗamamme wanda bai sauka ƙasan gwiwa ba, da wando tsukakke, babu aiki a wuya sai wani siririn layi, kamar yadda yake gani a jikin samarin Instagram. Da mahaifin ya gan shi ranar idi bai yi masa faɗa ba, ya dai dube shi ya ce, "Zanen aro ba ya rufe katara." Yaron ya ce shi bai ari komai ba, kayansa ne, da kuɗin ubansa aka saya. Tambayata ita ce: karin maganar nan ya hau kan wanda ya kwaikwayi shigar wani, ko kuwa ya tsaya a kan wanda ya ari abin da dole ya mayar?

Dattijon Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yayanki ya ajiye maganar a gurbinta. A zamanin da tufa ke da tsada, ana saƙa ta da hannu a haɗa ƙyallayen da allura, mace kan ari zanen maƙwabciyarta don zuwa biki ko suna. Zanen nan an haɗa shi ne daidai jikin mai shi, kuma mai aron ba ta da sakewar da za ta ja shi ta ɗaure tamau, domin tana tsoron ya yage ko miya ta zuba masa. Abin da ya fi wannan ciwo, matan unguwa duk sun san zanen wacce ce, saboda haka rashin da ta so ta ɓoye shi ne farkon abin da ake gani. Daga nan Hausawa suka faɗaɗa maganar zuwa bashi, da ilimin da aka haddace ba a fahimta ba, da al'adar da aka ɗauko daga wasu. Saurayin da ya ɗauko shigar wani daga waya ya ɗora wa kansa, ko da kuɗinsa ya ɗinka, a wurina aro ya yi.

Tsohon Tela na Fagge:
Alhaji, ka yi mini haƙuri, zan saɓa maka kaɗan, domin a gaban kekena yara ke girma ina kallo. Yaro tun yana ƙarami har ya kai kamar shekara 10, ba shi da ta cewa. Uba ne ko uwa ke kawo yadi ɗaya na 'ya'yan gida duka, a yi musu ɗinki iri ɗaya, kuma kullum umarnin ɗaya ne: a sake shi, a bar kalmasa mai yawa a ƙafar wando, yaro girma yake yi. Daga shekara 12 ko 13 sai ka ga ya tsaya bayan ubansa ya yi shiru ana gwada shi, bayan la'asar kuma ya dawo shi kaɗai yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, don Allah a ɗan rage faɗin ƙafar, kada a gaya wa Alhaji." Nan ne salo ke fara tsira, a ɓoye, da inci ɗaya. Daga shekara 16 har wajen 25 hoto yake kawo mini. Da can hoton aboki ne da aka ɗauka a shagon mai hoto, ko shigar wani ɗan fim, yau kuma waya ake miƙo mini. Idan ya yi aure nauyi ya hau kansa, sai ya aiko da yadi kawai a ce mini, "Irin na kullum," ni kuma in buɗe littafin awo.

Ban taɓa ganin wanda ya tsallake matakin hoto ba. Iyayen da ke faɗa yau, da yawansu na san lokacin da suke yawo da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, da takalmi mai tudu, a shekarun 1970, nasu iyayen suna salati. Idan kwaikwayo aro ne, to babu wanda ya taɓa mallakar riga a garin nan.

Inda na yarda karin maganar ya hau shi ne inda yaro ya hana ni gyara hoton ya dace da jikinsa. Gajere mai ƙiba ya kawo hoton dogo siriri, in ce masa a ƙara inci biyu a ƙirji, a sauke tsagar gefe, ya ce a'a, yadda ya gani yake so. Sai a ɗinka, ya sa, maɓallin ƙirji yana neman tsinkewa, hammata ta kama, idan ya yi ruku'u rigar ta haye baya yana janyo ta da hannu. Wannan kam zanen aro ne, ko da rasidin kuɗin yana aljihunsa.

Malamar Hausa:
Ina tare da Baba Tela, kuma ina da ƙari ta fuskar amfani da karin maganar. Abubuwa biyu ne ke riƙe da shi: akwai mai kaya wanda zai zo ya karɓi abinsa, kuma abin bai wadatar ba. Salon ɗinki ba shi da mai shi da zai buga ƙofa ya ce a ba shi, saboda haka ƙafa ɗaya ta maganar ba ta taka ƙasa ba. Da ni ce, "zamani riga" zan ce, domin shi ne ya fi bayyana abin da yaron ya yi.

Sannan mu dubi abin da muke kira namu. Shaddar da manya ke tinƙaho da ita, Getzner, a Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco ce da ke garin Helmond tun 1846, kuma dabarar rininta daga Indonesiya Turawan suka kwaikwayo ta. Hular dara daga Arewacin Afirka ta zo mana, alkyabbar sarakuna ma haka, hular zanna sunanta kaɗai ya nuna daga Barno take, lafaya kuwa matan Barno da Chadi da Sudan sun riga mu yafa ta. Babu wanda ke ganin dattijo cikin shadda da zanna ya ce ya yi aro. Abin da ya faru ga al'umma cikin ƙarnoni shi ne ke faruwa ga yaro cikin 'yan shekaru: ya ɗauka, ya gwada, ya watsar da wasu, wasu su zauna masa.

Dattijon Zariya:
Malama, hujjarki tana da ƙarfi, amma salo yana da mai shi, kuma sunansa yayi. Yayi ne ke ba da aro, shi ne kuma ke zuwa ya karɓe abinsa ba sallama. Rigar da saurayi ya matsa wa ubansa a kanta bana, baɗi ba zai yarda ya fita da ita ba ko da ba ta koɗe ba, saboda abokansa sun koma wani ɗinkin. Wa ya cire masa ita in ba mai ita ba? Ki kwatanta da babbar riga mai aska takwas, wadda mutum zai sa shekara da shekaru, ya bar wa ɗansa, ɗan ya je ɗaurin aure da ita ba wanda zai yi masa dariya. Shadda da zanna sun zama namu ne saboda sun zauna, an yi musu aikin hannunmu, kaka ya sa jika ya sa. Ban hana yaro gwaji ba, amma a gaya masa gaskiya cewa abin da ke jikinsa yanzu na wucin gadi ne, kada ya raina na gida saboda shi.

'Yar Damagaram:
Ina gaida iyaye da malamai. Duk maganar ta koma kan samari, alhali zane na mata ne, kuma mu ne muka san aro na zahiri. A gidan da 'yan mata suke da yawa, ƙanwa da kayan yayarta take fara ado. Takan jira yaya ta tafi unguwa ta ɗauki ɗankwalinta, ta tsaya gaban madubi tana ɗaurawa tana kwancewa har hannunta ya faɗa, kuma da gyalen yaya take fara zuwa bikin ƙawa. Kowane zamani da ɗaurin da ake yayi: iyayenmu suna ba da labarin ture-ka-ga-tsiya, a ƙarshen shekarun 1980 kuma mata a Najeriya suka kama ɗaurin Maryam Babangida. Ba wadda aka haifa da iya ɗauri.

Sai dai filin budurwa bai kai na saurayi faɗi ba. Da safe kayan makaranta, da yamma hijabin islamiyya, a biki kuma anko, inda mata hamsin za su sayi atamfa iri ɗaya, kowacce da turminta na yadi shida. Don haka ne idon mace ke kaifi a kan ƙananan abubuwa, yankan hannun riga, da launin mayafi, da yadda aka karya ɗankwali, domin nan kaɗai aka bar mata ta nuna kanta. Bayan aure ma kayan lefe, waɗanda galibi dangin miji ne suka zaɓa, su ne za ta sa na tsawon lokaci.

A yadda na ji tsofaffinmu mata suna faɗin karin maganar nan, ba hana kwaikwayo suke yi ba. Kakata takan faɗe shi ne idan ta ga yarinya ta cika aron kaya, kuma abin da take nufi shi ne ki tashi ki kama sana'a, ki shiga adashi, ki sayi naki ko da mai araha ne. Zanen farko da budurwa ta saya da kuɗin ƙulli-ƙuli ko na kitso, ita ta zaɓi launinsa ba wanda ya sa mata baki, daga shi ake fara gane irin matar da za ta zama a wajen shiga. Saboda haka ni a wurina maganar ta dogaro da kai ce kafin ta zama ta ɗinki.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, tunda da mu ake. Abin da ba a ambata ba shi ne aljihu. Da yawanmu ba mu ga shadda sai da salla, sauran watanni kuwa kasuwar Ƙofar Wambai muke zuwa mu jira a fasa dilar gwanjo mu tsinci riga da wandon jins. Wanda ke zaɓe cikin abin da ya samu ba za a auna shi da wanda ke zaɓe cikin abin da yake so ba. Sannan idan babba ya jefa wa yaro karin magana a gaban mutane, bakin yaron ya mutu, domin ba a musu da maganar magabata, alhali wataƙila da an tambaye shi dalilinsa yana da shi. Ni kaina ɗamammen kaftani ya fi mini sauƙin hawa babur da zirga-zirgar makaranta fiye da mai yalwa. Tambayata ga Baba Tela: yaushe kuke gane cewa shigar mutum ta daina zama aro ta zama tasa? Kuma gwanjo, tunda wani ya riga ya sa, shi ma zanen aro ne?

Malamar Hausa:
Ɗana, ƙorafinka kan jefa karin magana yana da tushe, amma ka lura cewa babba yakan zaɓi karin magana ne don ya kauce wa zagi kai tsaye, ya bar maka ƙofar fita da mutuncinka. Wanda aka yi wa karin magana an ɗauke shi mai hankalin da zai warware shi.

Tsohon Tela na Fagge:
Ɗana, alamar da nake gani ita ce ranar da saurayi ya fara cewa a'a. Ya shigo shago ya tarar kowa yana ɗinka abu ɗaya, in nuna masa, ya girgiza kai ya ce wannan ba ya karɓarsa, a yi masa wuya kaza, a bar tsawon inda ya saba. Wani yana kai wa nan yana ɗan shekara 20, wani kuma ina yi masa ɗinki har furfura ta fito bai daina miƙo mini waya ba, saboda haka ban ɗora abin a kan shekaru ba. A hula ma ana ganewa. Samari goma za su sayi zanna iri ɗaya a Kurmi, tara su kafa ta yadda suka ga ana yi, ɗaya kuma ya yi mata karin da ya dace da goshinsa, har a riƙa gane shi daga nesa.

Gwanjo kuwa ba aro ba ne, ka biya kuɗinka, ba mai zuwa ya karɓa. Amma an yanka shi ne don jikin wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, shi ya sa za ka ga kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe yatsu, wando ya taru a kan takalmi. Idan ka tsinta, ka duba hammata da ƙugu da wuya a rana, nan ne yadi ke fara mutuwa, kuma ka ɗauki wanda ya ɗan yi maka yawa, domin ragewa tana yiwuwa, ƙari kuwa ba ya yiwuwa. Ka wanke shi kafin ka kai wa tela, sannan ka sa shi a jikinka a shagon a yi maka alama da alli kana tsaye, kada ka aika ƙaninka da shi a leda.