Ƙanena ya rasu wurin tsere, babur ɗinshi na zaure: in gyara ko in sayar?

Yayan marigayi: Assalamu alaikum. Watan gobe ƙanena zai cika shekara da rasuwa. Shekarunshi 23. Wurin tseren da samari ke yi ranar Lahadi a bayan gari ya faɗi, a kwanar ƙarshe yashi ya ja tayar gaba, kafin a kai asibiti rai ya yi halinshi. Tun ranar babur ɗin na zaurenmu, kai a lanƙwashe, tanki a lotse. Inna ta rufe shi da tsohon bargo. Kullum sai ta raɓa shi in za ta fita, ba ta ce a ɗauke ba, ba ta ce a bari ba. 'Yan fadarsu sun zo mini da magana: a gyara shi, a buga riguna da hotonshi da lambarshi 17, su zaga gari a jere, a ƙare da addu'a a maƙabarta. Su za su biya riguna, ni gyara. Wani kuma ya taya shi yadda yake, jika 180. Don Allah ba hukuncin tsere nike tambaya ba, wannan ya wuce. Gyara ko sayarwa, sai kuma zagayen. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara.

Ɗan Limanci: Allah Ya jiƙanshi. Amma gaskiya tseren nan jefa kai ne cikin halaka, ya kamata iyaye su tashi tsaye.

Yayan marigayi: Amin. Malam, abin da na roƙa ke nan kada a taɓo.

Mai Kasea: Jika 180? Wanda ya taya ya raina maka wayo. Ko inji kaɗai ka cire ka kai Sabon Gari ka samu 150. Kada ka saki ƙasa da 300.

Bakanike Zariya 2: Kai ka ga babur ɗin? Moton da ya kwana damina guda a zaure ba a tada shi ba, batir ya mutu, esansi ya bushe cikin karbireta, taya ta tsage. In shasi ya murɗe kuwa, 120 ma alheri ne. Gyara dai ka ajiye jika 90 zuwa 100.

Mai Kasea: Ni an miƙe mini shasi da jika 15 bara.

Bakanike Zariya 2: Shi ya sa naka ke tafiya a karkace awa kaguwa.

Mai kallon MotoGP: Ɗan'uwa, zagayen ba baƙon abu ba ne a duniyar tsere. Marco Simoncelli, ɗan Italiya, ya rasu ranar 23 ga Oktoba 2011 a filin Sepang na Malesiya, yana da shekara 24, kusan sa'an ƙanenka. A zagaye na biyu ya zame, Colin Edwards da Valentino Rossi suka afka mashi, har hular kwano ta fice daga kanshi. Daga baya aka sa wa filin Misano sunanshi, aka jingine lambarshi 58, uban kuma ya kafa ƙungiyar tsere ta matasa. Ka gyara, ka bar yaran su yi. Su ma ciwon na cin su.

Hajiya Bagalam: Ku yi mini haƙuri, ba na son sa baki cikin maganar maza, amma na kasa shiru. Kowa na ta jiƙan mai tsere. Wa ya taɓa buga riga da hoton wanda mai tsere ya taka? Maigidana ɗan kabu-kabu ne, shekara 14 yana yi, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Wata Alhamis bayan la'asar ya ɗauko wata tsohuwa da buhun gawayi, sai ga 'yan rakiyar amarya, ɗaya ya ɗaga tayar gaba, ɗaya ya kwanta bisa sirdi yana ihu. Na kwancen ya shige shi ta gefe. Ƙafar dama ta karye wuri uku. Mun yi wata biyu wurin mai ɗori, ƙafa ta kumbura ta fara wari, ƙarshe a asibiti aka yanke daga gwiwa. Tsohuwar ba ta kwana ba. Dangin yaron suka zo da dattawa biyar da goro, suka ce ƙaddara ce, suka ajiye jika 50 a kan tabarma. Na sayar da gadona da firij ɗin da nike sana'ar ƙanƙara. Yau shekara huɗu, takalmin ƙafar hagu kaɗai nike saya mashi, na daman ina tarawa a buhu bayan ƙofa, ban san dalilin da ya hana ni zubarwa ba. Yaron kuwa na gan shi ran Sallah bisa sabon babur. To ku zaga gari. Ku dai faɗi hanyar da za ku bi, mu kulle 'ya'yanmu a gida.

Yayan marigayi: Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya jiƙan baiwar Allah. Ƙanena bai taɓa wasa cikin gari ba, fili suke zuwa.

Hajiya Bagalam: Na yarda da kai, ƙanena. Amma babur 40 a jere, duk samari, kai za ka riƙe masu hannun wuta?

Uwar biyu: Hajiya, mu ma a Ali Ɗan Sofo haka. Da an ce ɗaurin aure, sai na kwashe yara daga ƙofar gida. Kuma jika 50 ma ke kin samu, maƙwabcinmu haƙuri kawai aka ba shi.

Tsohon direban Agadas: Ni na ga Paris-Dakar, tseren motoci da babura cikin hamada, da idona lokacin da nike yaron mota, shekarun 1980, suna kwana a Agadas. Mai shirya abin, Thierry Sabine, shi ma ɗan tseren babur ne, ɓatan da ya yi cikin hamada a 1977 ne ya sa ya ƙirƙiro gasar. Jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, aka watsa tokarshi gindin wani icce a Tenere, har yau da sunanshi ake kiran iccen. Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa Fabrizio Meoni. Ya ci gasar 2001 da 2002 bisa babur ƙirar KTM, ya ce ta 2005 ita ce ta ƙarshe, a cikinta ya mutu a Muritaniya, shekara 47. Tun yana da rai yake taimakon wata makarantar yara a Senegal. Ka ga abin da ya bari. Su ma masu ralin sun taka mutane a ƙauyuka, yara ma a ciki, Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Ka sayar, ka sa famfo a ƙofar masallacin unguwarku.

Mai kallon MotoGP: Baba, da girmanka, amma kai mota ka tuƙa. Wanda bai taɓa kwantar da babur a kwana ba ba zai gane abin da yaran nan ke ji ba.

Tsohon direban Agadas: Kai da ka gane, a talabijin ɗin mai shayi ka kwantar da naka.

Sarkin raha: Baba ya ci wannan zagaye, a ɗaga tuta.

Ɗan Limanci: Duk kun tsallake babban abu. Babur ɗin nan gado ne, ba na yayan shi kaɗai ba. In akwai bashi a kan mamaci shi ake fara biya. Sannan mahaifiya na da sudusi tunda akwai 'yan'uwa, saura a raba yadda shari'a ta ce. Ko famfon ma sai magada sun yarda. Hoton mamaci a ƙirji kuma bai ƙara mashi komai a kabari.

Yayan marigayi: Akwai ragowar jika 35 na wanda ya sayar mashi da shi. Mutumin ya ce ya yafe, amma a gaban jama'a ya faɗa ranar uku, ban sani ba ko kunya ce.

Mai Kasea: Ka koma ka same shi shi kaɗai. Riguna kuma kada su wuce 2,000 kowace.

Uwar biyu: 3,500 muka buga na biki, kuma wanki biyu hoton ya ɓare.

Bakanike Zariya 2: In za ka gyara, ka tsaya a kai har a gama. Kada ka bar shi ya kwana a gareji.

Mai Kasea: Yawwa, ka faɗa da bakinka! Ni na kai nawa canjin mai wurin wani, na tafi masallaci na dawo. Sati guda babur na shan esansi kamar raƙumi, ashe an cire karbiretata ta asali an sa mini ta gwangwani. Da na koma sai ya rantse mini da abin da zai kashe shi.

Bakanike Zariya 2: Ku kuma ku kawo aiki, a gama, ku ce "bari in gwada", sai bayan wata uku a gan ku. Akwai littafi guda na bashi a ƙarƙashin bencina.

Sarkin raha: A duba shafi na farko, akwai mai Kasea.

Uwar biyu: Ni bujin da aka sa wa na ɗana ko kwana goma bai yi ba, wai na Japon ne.

Yayan marigayi: Jama'a, zagayen fa? Yaran jibi za su dawo jin amsa, kuma har yanzu ban iya buɗe baki na tambayi Inna ba.

Mai Kasea: Buji na Japon? Uwar biyu, nawa ya ce maki?